Rasuwa Biyu da Ban Kai wa Ƙawar Gwaggo Ba

Wata uku ke nan da rasuwar Gwaggo, kuma wata uku ke nan ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Na fara wannan rubutu sau biyar, na yage huɗu. Ba ƙarancin karatuna kaɗai ya riƙe mini hannu ba, ko da yake a firamare na tsaya, kuma na san masu karanta wannan shafi sun saba da alƙalamin waɗanda suka fi ni. Babban abin shi ne, Gwaggo ba ta yarda a sa labarin mutuwa a takarda ba. Duk tsawon rayuwarta ba ta yarda ba, ga shi yau zan sa nata. Na tambayi limamin unguwarmu ko wannan cin amana ne, ya ce in duba niyyata. Na duba har na gaji, ban samu natsuwa ba, amma na ga shirun ya fi rubutun haɗari. Saboda haka ba zan ambaci sunan kowa ba. Wanda ya san mu zai gane mu, kuma shi nake nema.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina shekara shida, a gidan mijinta da ke Angwan Iya a nan Keffi. Sunan mahaifinta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce Babana. Ta rasu ranar wata Talata da hantsi, kafin la'asar an kai ta. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta.

Zaman makokin ya cika fiye da yadda muka zata. Matan da suka yi cinikin riɗi da agushi tare da ita sun zo ƙwansu da kwarkwatarsu. Wata tsohuwa ta taso tun daga Agwada a bayan acaɓa, ta zauna a bakin ɗakin tana ta faɗin yadda Gwaggo ta taɓa kwana takwas tana jinyarta a asibiti, alhali ciniki kawai ya haɗa su. Wani dattijo ɗan kudu mai shagon kayan keke a Sabon Gari ya shigo zaure ya cire hularsa, ya rasa Hausar da zai yi, ya ce, "Mama ba faɗa, Mama ba wahala." Maza suka yi murmushi, don kowa ya san Gwaggo tana da faɗa. Shi ne dai bai taɓa tsokano ta ba.

Ranar sadakar uku ina ɗauke da tabarmi zan wuce tsakar gida, sai na ji muryar maƙwabciyarmu, wadda ba ta iya magana a hankali ba.

"Wai ina ƙawar takardar nan? Malam ya rasu ba mu gan ta ba. Yanzu ita kanta ta tafi, nan ma shiru."

Yaya, babbar 'yar Gwaggo, ta ce, "Inna, a bar wannan maganar."

"Ni dai faɗa na yi. Shekara da shekaru ana ɓata tawada, ranar da ake neman mutum babu shi."

Mata biyu suka gyaɗa kai. Ni kuwa na wuce da tabarmina. A duk gidan ni kaɗai na san matar da ake zargi ba ta da laifi. Ba ta san Malam, mijin Gwaggo, ya rasu ba, shekara shida yanzu. Ba ta san Gwaggo ta rasu ba. Ni aka aika in faɗa mata, ban faɗa ba.

Bari in fara daga farko, don a gane.

Matar nan Mama muke ce mata. Kirista ce, mijinta malamin makaranta ne, kuma a Sabon Gari suka zauna lokacin da Gwaggo take amarya. A layin awon ciki suka haɗu, suka haihu wata ɗaya tsakani, Gwaggo mace, Mama namiji. Bayan haihuwar Mama ta kwanta ciwo har nononta ya ƙafe. Gwaggo ta nemi izinin Malam, ta riƙa goya Yaya tana takawa daga Angwan Iya zuwa Sabon Gari sau biyu a rana tana shayar da yaron. Da tafiyar ta yi yawa sai ta ɗauko shi gaba ɗaya. Wata huɗu yana gidanmu. Akwai waɗanda suka yi surutu a unguwa. An ce Gwaggo ta amsa wa ɗaya daga cikinsu, "Da ya yi kuka ban ji ya yi da wani yare ba."

Daga baya aka canja wa mijin Mama wurin aiki, suka koma Agwada, daga nan suka yi gaba, har suka zauna a wani gari can bayan garin Lafiya. Tun daga lokacin sai wasiƙa. Mama ta iya rubuta Hausa, a coci ta koya, da manyan baƙaƙe masu karkata. Gwaggo ba ta yi boko ba. Da farko Malam ne yake rubuta mata, amma suna yawan saɓawa, don shi yakan gajarta magana. Da na gama firamare sai ta karɓe biron daga hannunsa ta ba ni. Na girma, na koyi gyaran keken ɗinki, na yi aure, na yi furfura, ban bar wannan aiki ba. Ni nake rubutawa, ni nake kaiwa gidan waya, ni nake karanta amsa. Su biyun suna ce mini Akawu. Ko da waya ta zo hannun kowa ba su canja ba, don kunnen Mama ya yi nauyi, Gwaggo kuma ta ce maganar waya ba ta ajiyuwa a gwangwani.

Ranar rubuta wasiƙa Gwaggo takan yi wanka ta ɗaura zanen fita, ta shimfiɗa sabuwar tabarma, kamar mai jiran baƙuwa. Takan fara da gaisuwa, sai ruwan sama, sai haihuwa, sai aure, sai wanda ya yi yaji da wanda ya dawo, har akuyar da ta haifi uku. Ba ta son a gyara mata magana. Idan na sa wata kalma da nake ganin ta fi kyau, da na karanta mata sai ta ce, "Wannan ba bakina ba ne. Goge. Rubuta yadda na faɗa, kada ka yi mini kwalliya." Akwai ranar da muka cika shafi shida, biyu daga ciki a kan wata surukar Mama da Gwaggo ba ta taɓa gani ba amma ta riga ta yanke mata hukunci.

Ƙarshen kowace wasiƙa na Malam ne. Yakan leƙo daga zaure ya ce, "A gaya wa Fasto har yanzu ina jiran ta, na ajiye mata carbi." Fasto yake ce wa Mama, ita kuma ta ce masa Liman. Idan amsa ta zo sai a ga ta rubuta, "A gaya wa Liman kujerarsa tana nan a sahun gaba, kullum ina share ta." Malam ya yi ta dariya har da tari. Fiye da shekara talatin suna wannan wasa ba su gaji ba.

Abu ɗaya ne ba ya shiga wasiƙa, shi ne mutuwa. Dalilin kuwa, labarin rasuwar mahaifiyar Gwaggo a takarda ya same ta. Tana kasuwa aka miƙo mata, ta ba wani mai wucewa ya karanta, ya karanta da ƙarfi ba tare da ya san abin da ke gaba ba, ta faɗi a kan kwanukan riɗi. Tun daga ranar take cewa, "Takarda ba ta da hannun da za ta tare mutum idan zai faɗi." Suka yi alkawari da Mama: duk wadda aka yi wa rashi, ɗan gida za ta tura da ƙafarsa, ya zauna, ya faɗa da baki. Da mijin Mama ya rasu, ɗanta, wanda Gwaggo ta shayar, shi ya taso takanas ya zo. Washegari Gwaggo ta bi shi, ta yi kwana bakwai a can.

Malam ya rasu bayan gajeriyar jinya. Bayan sadakar bakwai Gwaggo ta kira ni ɗakin da take takaba ta ce, "Babana, kai za ka je. Ta san ka, kuma kai ba ka da gaggawar baki."

Na tafi ranar Asabar. Tun a mota nake shirya maganar, ina jujjuya ta. Da na sauka na doshi gidan sai na tarar da rumfuna a ƙofa, ga kujeru, ga matan zumuntar coci da anko suna waƙa suna buga tukwane. Auren jikar Mama ake yi. Ashe ta rubuto ta gayyace mu, wasiƙar ta iso a makon rasuwar, ba wanda ya buɗe.

Mama ta hango ni daga nesa. Ta taso tana ɗingisawa, ta rungume ni, ta ɗaga hannuna sama tana nuna wa jama'a. "Ga Keffi ta zo. Na ce muku ƙawata ba za ta bar ni ni kaɗai ba." Sannan ta juyo ta ce, "Akawu, yaya gida? Yaya Liman?"

Na ce, "Lafiya ƙalau."

Haka ake amsa gaisuwa, ko gawa ce kwance a gida sai an ce lafiya kafin a faɗi sauran. Niyyata ke nan. Amma kafin in buɗe baki an zaunar da ni, an ajiye mini shinkafa, Mama ta sa an kawo naman da Musulmi ya yanka don ni. Na ce a raina, bari a dawo daga coci. Da aka dawo na ce bari a kai amarya. Da aka kai amarya na ga tsohuwar ta gaji, na ce sai da safe. Da safe na fito na tarar ta ɗaure kaza da doya huɗu, tana cewa, "Wannan na Liman ne. Ka ce masa kazar Kirista ce amma ba ta riga ta yi baftisma ba." Jikokinta suna ta dariya. Ɗanta ya riƙo mini jaka. Na duba fuskokinsu, na karɓi kazar.

A tashar Lafiya na ba wani makaho kazar da doyar, na ce sadaka ce ga mamaci. Har yau ban san ko ya halatta ba, tunda ba don haka aka ba ni ba.

Da na dawo Gwaggo ta ce, "Ka faɗa mata?"

Na ce, "Na faɗa."

Kalma biyu. Na yi tunanin zan koma mako mai zuwa in gyara kafin kowa ya sani. Makon ya zo, na ga idan na koma dole in bayyana dalilin cewa lafiya ƙalau, in bayyana kazar. Na ɗaga zuwa wani makon.

Gwaggo ta sa an share ɗakin baƙi, an wanke zanen gado. Duk sallamar mace da ta ji sai ta ɗaga kai. Aka yi arba'in, Mama ba ta zo ba. Ta fita takaba, ba ta zo ba. Sai ga wasiƙa. Na buɗe, na ga rabinta godiya ce a kan zuwana biki, ƙarshenta kuma tana tambayar ko Liman ya ji daɗin kazar. Na karanta gaisuwa, na karanta cewa an yi auren jikarta lafiya, na tsallake sauran.

Gwaggo ta ce, "Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

"Ba ta ce Allah ya ba ni haƙuri ba?"

Na ninke takardar. Zan iya ƙirƙiro mata gaisuwar, na san yadda Mama take magana, amma na ji tsoron sa ƙarya a bakin wata. Ban taɓa ƙara ko kalma ɗaya a wasiƙunsu ba. Ragewa na yi ta yi, kuma a lokacin ina ganin kamar wannan ya fi sauƙi a wurin Allah.

Daga ranar Gwaggo ta daina ɗaura zanen fita. Ba ta daina amsawa ba, don ta ce ba za a ce ita ta yanke zumunci ba, amma wasiƙar shafi shida ta koma layi biyar. Muna lafiya, ruwa ya sauka, wance ta haihu, a gaida yara. Ba ta taɓa ambaton Malam ba. Na taɓa gwada ta na ce, "Gwaggo, ko a ɗan tuna mata?" Na so a ce takardar ta yi mini aikin da na kasa. Ta ce, "Ba a roƙon gaisuwar mutuwa. Rufe ambulan."

Mama ta ji canjin. Ta rubuto, "Ƙawata, me na yi miki? Takardarki ta rame." Wannan na karanta. Gwaggo ta ce, "Ta san abin da ta yi." Shekara biyar muna haka. Na rame, matata ta kai ni asibiti aka ce gyambon ciki ne.

A daminar bara ina shago aka ce Gwaggo tana kira. Na same ta bayan azahar a tsakar gida, faifan riɗi a gefe, ga wata ƙaramar kwalbar man zafi a gabanta, ga gwangwanin da take ajiye wasiƙu a buɗe.

Ta ce, "Wata mai sarin doya ta tsaya nan ɗazu. Daga wurin ƙawata take. Ta ce a ba maigida wannan, na gwiwa ne, tunda damina ta shigo."

Na ce, "Me kika ce mata?"

"Na ce an gode. Ba zan aika mutuwar mijina ta bakin mai wucewa ba. Zauna."

Na zauna. Ta turo gwangwanin.

"Tun daga ta bikin. Karanta. Wannan karon kada ka bar ko ɗigo."

Wasiƙa goma sha shida ne. Na karanta su ɗaya bayan ɗaya. A gaida Liman. Yaya gwiwar Liman. Liman ya yi fushi ne da ya daina aiko mini da carbi? A gaya wa Liman kujerarsa ta fara tsufa, ya yi sauri. A ɗaya ta rubuta cewa ta yi mafarkinsa da fararen kaya, ta tashi ta yi masa addu'a, a rubuto mata ko lafiya. A nan na tsaya. Gwaggo ta ce, "Ci gaba." Aka kira la'asar, ba wanda ya motsa a cikinmu. Da na gama na faɗa mata komai, har kazar.

Na jira ta yi mini faɗa. Matar da ta taɓa tsayar da motar doya a tsakiyar titi don direba ya zagi wata tsohuwa, na san abin da bakinta zai iya. Ba ta yi ba. Ta daɗe tana jujjuya kwalbar a hannu, sannan ta ce, "Shekara biyar ina fushi da matar da take share wa mijina kujera."

Na ce, "Gwaggo, ki yafe mini."

"Ni na aiki mai tsoro. Na san ka tun kana duba sakata sau uku kafin ka kwanta. Na ɗauka tsoron zai sa ka yi a hankali, ban san zai hana ka yi ba." Ta miƙe da ƙyar. "Tashi ka yi salla. Gobe ka zo da biro."

Washegari ta yi wanka ta ɗaura zanen fita. Ta so ta je da kanta, amma ƙafafunta sun kumbura, ko zaure ba ta iya kaiwa sai ta huta. Muka cika shafi takwas. Duk labarin da ta hana Mama a shekara biyar ta zuba shi, har na akuya. A ƙarshe ta ce, "Rubuta: na yi miki fushi a kan laifin da ba naki ba, ki yafe mini. Babana zai faɗa miki abin da takarda ba ta ɗauka."

Na ce, "In rubuta laifin wa ne?"

"A'a. Wannan da bakinka."

Ba ta faɗa wa kowa ba. Ko Yaya, ko autanta da ke aiki a Abuja. Ta rufa mini asiri har ta bar duniya, kuma a wannan shafi za su fara ji. Ina roƙon su gafara, su da duk wanda ya zargi Mama a gabana na yi shiru.

Abin da zan faɗa yanzu ya fi mini nauyi. Ban tafi washegari ba. Na ce ruwa ya ɓata hanya. Na ce akwai kekunan wasu teloli da na yi wa alkawari. Duk gaskiya ne, amma ba su ne dalili ba. Kullum da safe idan na shiga gaishe ta sai ta ce, "Yau ne?" in ce, "Jibi, in Allah ya so." Mako uku na yi ina haka.

Da na je na tarar da baƙin fuska a gidan. Wata maƙwabciya ta ce ɗan Mama ya yi ritaya daga makarantar da muke aika wasiƙa ta hannunta, ya kwashe iyalinsa da tsohuwar. Na ce yaushe? Ta ƙirga da yatsu ta ce kwana tara. Na ce ina suka koma? Ta ce ta ji ana cewa wajen Abuja, wata kuma ta ce a'a, Agwada, inda suka taɓa zama. A makarantar ba su sani ba. Faston cocinsu sabon zuwa ne, ya ce sun yi sallama da jama'a amma bai riƙe sunan garin ba. Lambar wayar ɗan da aka ba ni ba ta shiga.

Na dawo na faɗa wa Gwaggo gaskiya tun ina tsaye. Ta ce, "Kwana tara." Ta sake cewa, "Kwana tara." Sannan ta ce, "Ka ci abinci?" Ba ta ƙara tayar da maganar jinkirin ba.

Na je Agwada sau biyu, an ce sun daɗe da sayar da gonarsu. Na yi Lahadi uku ina tsayawa a ƙofar coci-coci a Masaka da Mararraba ina duban tsofaffin da ke fitowa, har wani mai gadi ya tare ni ya ce in buɗe jakata. Bai ga komai ba sai ambulan. Mai sarin doyar nan ba ta sake biyowa ba, Gwaggo kuma ba ta tambayi sunanta ba. Wasiƙa ba ta sake zuwa ba. Ko Mama ta gaji da amsar layi biyar ne, ko hannunta ne ya daina riƙe biro, ban sani ba, kuma wannan rashin sanin ne yake hana ni cin abinci.

Kwana huɗu kafin ta rasu Gwaggo ta sa Yaya ta fita, ta ce in matso.

"Yanzu za su zama biyu ke nan. Ka fara da na Malam. Ka bari ta huta, ta sha ruwa, sannan nawa. Ka zauna ta damanta, kunnen hagu ba ya ji. Ka tabbata akwai mace a kusa da za ta riƙe ta. Idan ta natsu ka karanta mata takardar, duka."

Na ce, "In Allah ya so."

"Ba jibi ba, Babana."

Bayan arba'in ɗin Gwaggo mun yi sa-in-sa da autanta. Ya ce mini, "Wannan wahalar ta mece ce? Kawo hotonsu na da, in sa a waya tare da sanarwar rasuwa, kafin la'asar wani zai nuna mata." Na ce abin da nake gudu ke nan. Ya ce, "To ka fi so ta mutu ba ta sani ba?" Bai san rabin labarin ba. Na ɓoye hoton. Amma tun ranar rasuwar jikoki sun riga sun sa hoton Gwaggo a wayoyinsu, kuma kullum ina tunanin wata jikar Mama za ta gani, ta miƙa mata a fuska tana cin abinci, ta ce, Kaka, ba ƙawarki ba ce wannan?

Shi ya sa na yi wannan rubutu, duk da na san shi ma takarda ne.

Ina roƙon mai karatu ya duba unguwarsu da cocinsu. Tsohuwa ce da ta haura tamanin, gajeriya, tana ɗingisa ƙafar hagu, ana ɗaga murya kafin ta ji. Hausarta irin ta mutanen Keffi ce. Da tana ɗinka rigunan jarirai da hannu tana rabawa. Ɗanta dogo ne mai tabarau, tsohon shugaban makarantar firamare, kuma idan an tambaye shi zai ce yana da wata uwa Musulma a Angwan Iya. Wataƙila ba su fi shekara ɗaya da tarewa a inda suke ba.

Idan kun gane su, don Allah kada ku karanta mata wannan, kada ku nuna mata hoto, kada ku yi mata gaisuwa. Ku ja ɗanta gefe ku ce Akawu yana neman su, ko ku sanar da masu wannan shafi, sun san inda shagona yake. Jakata a haɗe take. Ranar da na ji, ranar zan shiga mota, ko ana biki a gidan zan jira a ƙofa har a watse, ba zan karɓi abinci ba sai na faɗa.

Idan kuma na sake makara, Mama ta riga ta bi ƙawarta, ina roƙon wanda ya sani ya zo ya same ni. Idan ya gan ni zai ji kamar ya ce lafiya ƙalau ya juya. Kada ya juya. Ya zauna ya faɗa mini, ya kuma nuna mini inda aka sa ta, in je in karanta shafi takwas ɗin a gaban 'ya'yanta.